Citta a Lamba Shida

A shekarun da na yi a Zariya ina neman digiri na biyu, duk abin da na mallaka mai daraja a wuyana yake rataye. Filas ne na kwamfuta, ɗan ƙarami, shuɗi, na zura masa igiyar takalmi ina sa shi ƙarƙashin riga kamar laya. Ba ni da kwamfuta, ban kuma san ranar da zan yi ba, don haka na tara duk abin da nake buƙata a cikinsa: manhajar rubutu, da ta shiga intanet, da ta haɗa silaid da nuna su, da wata 'yar ƙarama mai farautar bairos. Irin manhajojin nan ne da ba sai an girka su a kwamfuta ba, daga cikin filas ɗin suke tashi su yi aiki. Duk kwamfutar da na zauna gabanta, da na soka shi ta zama tawa. Da na zare shi kuwa, ba wanda zai ce na taɓa zama a wurin.

Wannan rashin barin sawu shi ne abin alfaharina. Ni mutum ne da ba ya son a san halin da yake ciki, kuma a lokacin halin ba mai daɗin faɗi ba ne. Malamin da ke duba aikina ya tafi ƙasar waje ya bar ni a tsaye, abokan karatuna sun gama sun watse, ni kuma na shiga shekara ta uku ina ce wa mutanen gida saura kaɗan. Na bar Samaru na kama ɗaki a Sabon Gari, wai don ya fi araha, amma gaskiyar magana don kada in riƙa karo da masu tambayata yaushe zan gama. Da safe in hau bas zuwa Samaru, in zauna a laburare, in leƙa sashenmu a ce mini ba labari, bayan la'asar in dawo. Akwai ranakun da in an cire kwandasta da mai shinkafa da wake, ban buɗe baki na yi wa kowa magana ba.

A kan hanyar ɗakina akwai wani shagon intanet, kafe kamar yadda muke cewa, na wata mata 'yar kudu da kowa ke kira Madam. Kwamfuta goma ne a ciki, da fanka biyu, da janareta mai tari a bayan shago. Ni lamba shida nake zama, domin tana kusurwa, ba mai leƙa maka allo ta bayan kafaɗa. Tsakanina da Madam kalma biyu ce, awa ɗaya, sai ta miƙo mini 'yar takarda mai lamba.

Yawancin masu zuwa kafen ba su da filas. Abin da suka rubuta a fuskar kwamfutar suke barinsa, su dawo gobe su ci gaba, kowa da kwamfutar da ya ɗauka tasa ce. Takardun neman aiki, wasiƙun neman gurbin karatu, hotunan biki, duk ga su nan a baje kamar shanya a bakin hanya. Ina raina masu yin haka ƙwarai. Amma tun da gaskiya na zauna rubutawa, ina buɗewa in karanta. Wanda ba shi da abokin hira, wasiƙar wani ma hira ce.

A haka wata rana na ci karo da wani fayil a lamba shida mai suna citta na gaske. Silaid ne na semina, kan yadda manoman kudancin Kaduna ke tsaga citta su shanya ta. Shafin farko na ɗauke da sunan mai shi, wanda ba zan faɗa ba, da sashen aikin gona da yake kwas a Samaru, da ranar da zai gabatar, Alhamis ɗin ƙarshen watan gaba. Ban taɓa ganin silaid masu muni irin waɗannan ba. Rubutu ja a kan kore, duk da manyan baƙaƙe, kowane shafi cunkushe kamar motar kasuwa. Hotunan kuwa an ja su an miƙe har manoman suka koma kamar an taka su. Amma hotunan kansu masu kyau ne: citta a tsage an baza ta kan faffaɗan dutse, mata na juya ta da hannu, hadari na haɗowa daga nesa.

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na kwafi fayil ɗin cikin filas, domin ni ba na aiki a kan kwamfutar haya kai tsaye. Na gyara launi, na daidaita hotuna, na raba shafuka biyu da suka fi cunkoso, sannan na mayar da shi inda na same shi. Awata ta ƙare ban taɓa nawa aikin ba. Na tafi ina zagin kaina da shisshigi.

Bayan kwana biyu na sake buɗewa. An ƙara shafi ɗaya a can ƙarshe, fari fat, da layi guda: WANDA YA GYARA MINI, ALLAH YA SAKA DA ALHERI. NI BAN IYA BA.

Na daɗe ina kallon layin. Daga baya na rubuta a ƙarƙashinsa cewa ba komai, amma ya rage yawan rubutu, silaid ba littafi ba ne.

Daga nan shafin ƙarshe ya zama wurin hirarmu. Na gane Talata da Juma'a yake zuwa da safe, lokacin ina Samaru, domin a ranakun ne nake samun sabon layi da yamma. Na gane malamin gona ne da ya kusa ritaya, aka turo shi kwas na shekara ɗaya, kuma in bai yi seminar nan ba babu takardar shaida. Na gane Kirista ne, don ya taɓa rubuta cewa ya sa ni a addu'a ranar Lahadi a sujada, ko da yake bai san sunan da zai ambata ba. Ya koya mini cewa cittar da ruwa ya taɓa tana shanya, ko ta bushe daga baya, mai saye zai gane da hanci. Ni na koya masa yadda ake jan hoto ta kusurwa don kada mutane su baje. Ya ce hotunan da kyamarar aro ya ɗauka, aka sauke masa su kai tsaye a wannan kwamfutar, aka mayar wa mai ita. Da na ji haka na rubuta masa da babbar murya cewa ya nemi filas, ba a barin aiki irin wannan a kwamfutar kasuwa. Amsarsa ita ce lamba shida ba ta taɓa cin amanarsa ba.

Duk wannan lokacin ban faɗa masa komai a kaina ba. Shi yana zuba, ni ina gyara. Amma Talata da Juma'a suka zama ranakun da nake tashi da ƙarfin jiki. Har sauri nake in sauka daga bas, in na tarar wani ya riga ni lamba shida sai in tsaya in jira, ko da sauran tara babu kowa. Madam ta lura, ta riƙa yi mini wani kallo, ni kuma na riƙa yi kamar ban gani ba.

Wata Juma'a, saura kwana goma sha uku semina, ya rubuta: ƊANA, KAI WANE NE? KANA DA MUTANE A GARIN NAN?

Ranar ta same ni a mummunan hali. Da safe aka ce mini malamina ya ƙara wata shida a can, da rana kuma yayana ya bugo waya yana tambaya ko su fara shirin zuwa bikin yaye. Na zauna na rubuta amsa ba tare da na tsaya tunani ba, abin da ban taɓa yi ba. Na cika shafin har sai da na rage girman rubutun. Na ajiye a filas, na kwafa a fuskar lamba shida, na tashi da sauri kafin in canza shawara.

Ranar Litinin da na zo, fuskar kwamfutar fes take, babu ko fayil ɗaya. Bairos ya addabi Madam, ta kira injiniya ranar Asabar ya wanke duka goman. Sai na tuna kwafin da ke wuyana, har na yi murmushi ni kaɗai. Na mayar da fayil ɗin, na tafi ina jin kaina wani gwarzo. Talata da yamma na dawo, babu shi. Na sake sawa. Laraba babu shi. Ina zaune ina sake sawa karo na uku aka ɗauke wuta, aka tada janareta, kwamfutar ta kunnu, fayil ɗin da na ajiye minti biyu da suka wuce ya ɓace a gaban idona.

A ranar na yi wa Madam magana fiye da kalma biyu. Ta ce injiniya ya sa wani abu ne, duk lokacin da kwamfuta ta mutu ta tashi sai ta koma yadda ya bar ta, ba ta riƙe komai. A garin da ake ɗauke wuta sau huɗu kafin azahar, wannan na nufin duk abin da na ajiye bai taɓa kwana ba. Na tambaye ta mai zuwa lamba shida da safe.

“Baba mai jaka?” ta ce. “Ya zo jiya. Ya duba, ya duba, ya ce ina citta nashi. Na ce Baba, an wanke duka. Ya zauna har awa nashi ya ƙare, bai taɓa komai ba. Ya ce mini sai wata rana.”

Ba ta san inda yake zaune ba. Juma'a na ƙi zuwa Samaru, na zauna a benci a ƙofar kafen tun da aka buɗe har lokacin masallaci, bai zo ba. Na je sashensu, magatakarda ya ce 'yan kwas ɗin sun gama darasi, ba mai sake ganinsu sai ranar semina. Aikin mutum na wata biyu da hotunan da ba su da na biyu suna rataye a wuyana, shi kuma yana wani wuri a garin nan yana ganin sun tafi. Kwanakin nan ko wanka zan shiga sai na taɓa igiyar na tabbatar tana nan.

Ranar Alhamis na isa ɗakin seminar da wuri. Ba sai an nuna mini shi ba. A cikin matasa wajen talatin, dattijo ɗaya ne, gajere, mai furfura, sanye da kwat da ta yi masa yawa, da jakar buhu a gefen ƙafarsa. A cinyarsa akwai kwalaye a naɗe, ya sake rubuta komai da alƙalamin maka. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa. Na san yadda yake tunani, na san kalmomin da yake so, amma na ji nauyinsa kamar zan shiga gidan surukai.

Na je na rusuna. “Baba, ina kwana. Wani ne ya ce in kawo maka aikinka na citta.”

Ya dube ni, ya dubi filas ɗin da na ciro daga wuya. Ya ce, “Wane ne?”

“Ban san shi sosai ba,” na ce.

Niyyata in kwafa masa a kwamfutar ɗakin in sulale. Sai ga shi ita ma bairos ya cinye mata manhajar nuna silaid, mutum biyu da suka riga shi daga takarda suka karanta nasu, majigi na haska bango ba komai. Na soka filas ɗina, na tada tawa manhajar daga ciki, shafin farko ya fito a bango tar. Ɗakin ya ɗan yi guna-guni. Babban malamin da ke jagorantar zaman ya ce tun da abin nawa ne, in zauna in riƙa danna wa dattijo.

Ya fara da rawar murya, amma da hoton dutsen nan ya fito sai ya miƙe sosai. Ya manta da kwalayen, ya manta da malaman. Ya yi bayanin tsaga da shanya da juyi kamar yana tsaye a gona, yana nuna matan da ke hoton yana faɗin wadda ta fi kowa iya gane hadarin da zai zubar da wanda zai wuce. Ni kuma ina dannawa. Na san kowane shafi, na san inda zai numfasa, don haka ban jira ya ce a wuce ba. Sau ɗaya ya waigo ya dube ni, sannan ya ci gaba. Ban taɓa jin daɗin aikin hannuna kamar a wannan rabin awar ba.

Ya kai shafin godiya, aka fara tafi, hannuna ya danna sau ɗaya fiye da yadda ya kamata.

Tun kwanaki na yi niyyar cire shafin ƙarshe, na riƙa ɗagawa saboda ina so ya karanta. Ga shi yanzu a bango, faɗin mutum biyu. Layukansa da manyan baƙaƙe, nawa a ƙarƙashi, sannan a ƙasa amsar da bai taɓa gani ba: Baba, ba ni da kowa a garin nan. Shekara uku ban ci abinci a gidan mutum ba. Ina yi wa mutanen gidanmu ƙarya cewa na kusa gamawa. Wani lokaci nakan yini ban yi magana ba, har in ji muryata ta zama baƙuwa. Ranar Talata da Juma'a kaɗai nake jin akwai wanda ya san ina nan.

Hannuna ya ƙi motsi. Wani malami ya tambaya ko wannan babi na nawa ne a binciken, aka kwashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, ta mutanen da suka gaji da zama ce, amma ni ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Dattijon bai yi dariya ba. Ya juya wa ɗakin baya, ya gyara tabarau, ya karanta tun daga farko har ƙarshe, leɓensa na motsi. Sannan ya juyo ya ce, “Wannan ba na semina ba ne, ranka ya daɗe. Wasiƙata ce.” Na samu na danna, bangon ya yi baƙi.

Da aka tashi hutu ya ce in ba shi minti biyar, wani ɗan ajinsu zai ara masa filas ya kwafi aikinsa. Na bar masa kujerar na fita, na tsaya bayan ginin inda ba mai ganin fuskata. Da na dawo ya gama. Ya riƙe hannuna da nasa biyu, tafinsa kaushi kamar ɓawon itace, ya ce in gaida wanda ya aiko ni. Na ce zai ji. Na zare hannuna, na zare filas, ban tsaya ko'ina ba sai tashar bas.

Na daina zuwa kafen Madam, na koma wani a Samaru. Fayil ɗin kuwa ko sunansa na gani sai in kau da kai. Na riƙa faɗa wa kaina cewa aƙalla ba wanda ya san ni ne, na fita ban bar sawu ba kamar kullum. Sati uku aka yi haka. Rannan filas ya cika, na ce bari in goge cittar in huta. Kafin in goge na buɗe, ban san dalili ba, na gangara har ƙasa.

Akwai sabon rubutu a ƙarƙashin nawa, da manyan baƙaƙen nan: ƊANA, NA GANE KA TUN DA KA RIƘA DANNAWA KAFIN IN CE A DANNA. BAN SO IN KUNYATA KA A GABAN MUTANE. INA GIDAN ƘANWATA A MUCHIA, BAYAN INJIN NIƘA, ƘOFA MAI SHUƊIN FENTI, HAR LAHADI. NA CE TA SA TUWO DA KAI.

Na san Lahadin ta wuce da sati biyu da ɗoriya. Duk da haka na tashi na hau bas, na bar sauran awata a kan kwamfutar. Muchia ba ta da nisa da ɗakina, tafiyar ƙafa ce, na sha wuce injin niƙan nan ban san komai ba. Na yi sallama a ƙofar, wata dattijuwa mai kama da shi ta fito tana goge hannu da zani. Kafin in gama kame-kamen bayani ta katse ni.

“Kai ne na kwamfuta?”

Na ce ni ne, Mama.

Ta ce ranar Lahadin nan yayanta bai yarda an ci abinci ba bayan an taso daga coci. Ya fitar da kujeru biyu ƙofar gida, ya sa ta rufe kwano ɗaya ta ajiye, duk saurayin da ya ɓullo ta wajen injin niƙa sai ya miƙe. Motar garinsu ta ƙarshe da la'asar take tashi, sai da ta kusa barinsa sannan ya ɗauki jaka. Ya ce mata wataƙila yaron kunya yake ji, in ya zo ko yaushe ne kada ta bar shi ya tafi haka.

Na ce na gode, zan koma. Ta ce ba haka aka yi da ita ba. Ta shiga ta fito da kujerar roba, ta ce a nan yake zama, ta kawo tuwon masara da miyar kuɓewa ta ajiye a gabana, ta koma ciki wajen aikinta. Na wanke hannu na ci ni kaɗai, a kan kujerarsa.